Likkafanin da Kaka Ya Noma

Tun ranar da Kaka ya rasu, duk wanda ya shigo yi mana gaisuwa sai ya gama "Allah ya jiƙansa, ya haƙuri," sannan ya sassauta murya ya ce, "An dai sa shi a nasa?" Tsofaffin mata sun tambaya, limamin unguwa da ya yi tafiya ranar ya tambaya da ya dawo. Har wani Inyamuri mai sayar da maganin feshi a Funtua, haifaffen can, wanda Hausarsa ta fi ta wasu jikokin gidanmu, ya zo da buhun ruwan leda ya tsugunna a zaure, ya ce da kawuna, "Baba ya samu abin da yake so kuwa?"

Ban taɓa ganin zaman makoki da aka yi murmushi a cikinsa kamar wannan ba. Mace za ta shigo da hawayenta na gaskiya, kafin ta tashi ta tuna wata magana ta Kaka ta rufe baki da mayafi. Ban ji haushin kowa ba. Ya tsufa, ya ga 'ya'yan jikokinsa, ya yi sallar Asuba da ƙafarsa, hantsi bai gama ɗagawa ba ya tafi. Mutum ɗaya ne bai ce komai ba a kwanakin farko, shi ne ƙanin kakata mace, wanda muke kira Alhajin Funtua. Ya zauna gefen tabarma yana jan carbi, shi da ko a masallaci da ƙyar yake riƙe bakinsa.

Abin da mutane ke tambaya a kai shi ne likkafani. Tsofaffin wajenmu da yawa sukan sayi farin yadi su ajiye a ƙasan akwati tun suna da lafiya, don kada su bar wa 'ya'ya wahala. Kaka ya ce shi ba zai saya ba. Audugar gonarsa za a gurza, a kaɗa, a saƙa a nan tsakanin Funtua da Malumfashi, a naɗe shi a ciki. Ni jikarsa ce ta wajen 'yarsa, tela ce ni, kuma a hannuna ya bar wannan amanar. Shi ya sa nake son in rubuta yadda aka yi, kafin labarin ya koma abin dariya kawai a bakin yara.

Kaka manomin auduga ne tun zamanin da auduga ke aurar da samari. A bakinsa ba ta da suna sai kaɗa. Yakan ba mu labarin fuloti, wato filin da ake awon auduga, yadda jakuna da amalanke ke cika shi fari fat, da yadda ake ɗaure dila-dila a kamfanin gurza a ɗora wa jirgin ƙasa. Ba ya ba da labarin da kewa kaɗai. Yakan ce, "Ko a lokacin ma ba mu muke yanka farashi ba. Ka kai kayanka, wani ya ɗora a sikeli, wani can da bai taɓa ganin gonarka ba ya faɗi kuɗin."

Babban abokin gardamarsa shi ne Alhajin Funtua, mai kantin atamfa da shadda da farin yadi, kusan duk 'yan Caina. Akwai wasa tsakanin mutum da ƙanin matarsa, su kuwa suka mayar da wasan sana'a. Duk Juma'a bayan an sauko, Alhaji zai taho ƙauye a motarsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a kawo fura, a fara. Kaka na kiransa Jakadan Caina, shi yana kiran Kaka Ministan Kaɗa.

"Yaya," Alhaji zai ce, "kai fa ka manta. Da muna yara mutum nawa ke da riga biyu a garin nan? Yaro sai ya yi wayo yana yawo da bante. Yau 'yar talaka tana ɗinka kala uku da Sallah. Kowace ƙasa ta yi abin da ta fi iyawa, a yi musaya, kowa ya samu. Su sun iya saƙa da araha, mu mun iya noma. Ina laifin?"

"Laifin," Kaka zai ce, yana juya ludayi, "shi ne kaɗarmu tana fita tsirara, ta dawo mana da riga. Ranar fita su suka faɗi kuɗinta, ranar dawowa ma su suka faɗa. Ciniki ke nan da mutum ɗaya yake tsaye a bakin ƙofa biyu."

"Su ma fa da matalauta ne kamarmu. Buɗe ƙofa suka yi, suka koyi aiki, ga su nan."

"Sun buɗe, amma ba su kashe masaƙunsu ba. Je ka Kaduna ka dubo namu."

A nan ne muryar Kaka kan canja, domin ɗansa na biyu, kawuna, ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Kaduna. Da aka rufe ta ya dawo gida da iyali da katifa, yau Keke mai ƙafa uku na haya yake ja a Malumfashi. A shekarar da aka rufe masaƙar ne kuma Kaka ya ji a rediyo cewa a wasu manyan ƙasashe gwamnati ce ke cika wa manomin auduga kuɗi idan farashi ya faɗi. Ya kashe rediyon ya daɗe a zaune. Da ya tashi ya ce da kakata, wadda duk gidan ke kira Inna, "Kokawa muke yi da mutumin da aka riƙe wa baya. To, na rantse ba za su sayar mini da rigar ƙarshe ba."

Kada wani ya ɗauka Kaka ya ƙi kayan waje. Rediyonsa na waje, tocilarsa ta waje, maganin hawan jininsa daga Indiya, takin masararsa kuwa ko shi bai san daga ina ba, sai dai ya san ya yi tsada lokacin da aka fara wani yaƙi a ƙasar da bai iya faɗin sunanta ba. Da aka saya masa waya ya fi kowa murna, kullum sai ya kira kasuwar hatsi ta Dawanau ya ji farashin waken soya, ko ba shi da ko tiya. Ni kuwa ba na raga masa, jika ce.

"Tsoho," nakan ce, "ka cire duk abin da ba a nan aka yi ba mu ga abin da zai rage maka."

"Amarya, ke ce za ki yi magana? Keken ɗinkinki nasu, zarenki nasu, allurarki tasu, atamfar tasu. Zufa ce kaɗai taki." Sai ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Ni ban ce a rufe ƙofa ba. Cewa na yi a duba wa ke riƙe da sikeli. Kuma ƙofar nan kaya kaɗai take wucewa da su. Ki tambayi ɗan maƙwabcinmu da ya bi ta sahara don ya ƙetara ƙasar waje."

Wata rana ƙanena da ke jami'a ya zauna ya saurari gardamar tasu har ƙarshe. Ya gaya musu cewa malaman duniya sun rabu gida biyu a kan wannan magana tun kafin a haife shi. Wasu na cewa cinikin da ba shinge yana ɗaga kowa, ko da wani ya fi wani ɗaguwa. Wasu na cewa an tsara duniya ne da masu ƙera kaya a tsakiya da masu tura ɗanyen kaya a gefe, kuma na gefe ba ya matsowa sai ya fara ƙera nasa. Ya ce kowane ɓangare na da ƙasashen da yake nunawa a matsayin shaida. Na zaci za su ji kunya, ashe daɗi suka ji. Kaka ya dubi Alhaji ya ce, "Ka ji, ina da mutane." Alhaji ya ce, "Ni ma ai ba maraya ba ne." Suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Yawancin gonarsa ya mayar ta masara da waken soya kamar kowa, don Kaka ba ya gardama da cikin iyalinsa. Amma ya ware 'yan kunyoyi a gefen rafi, na likkafani. Inna ce ta ɗauki sauran aikin. Ta gurza da ƙarfe a kan dutse ta fitar da angurya, ta shiɓa da ɗan baka har audugar ta yi laushi, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari. Takan yi tana mita. "Mutum da ransa ya sa ni aikin mutuwarsa, ko kunya babu." Idan zare ya taru Kaka ya kai wa wani tsohon masaƙi a ƙauyen gaba, shi kaɗai ya rage a yankin, ya saƙo fari siriri mai faɗin tafin hannu. Ni ce mai haɗa su gefe da gefe da allurar hannu, don ya hana ni sa su a keke.

Likkafanin farko ya ci damina da yawa kafin ya cika. Kaka ya naɗe shi ya sa a akwati, ya yi ta nuna wa baƙi kamar wanda ya sayi doki. Ba a daɗe ba wani ɗan ci-rani da ya zo yankan dawa ya faɗi a gonar maƙwabci, babu wanda ya san garinsu sosai. Ana ta shawarar a yi karo-karo, Kaka ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshinsa ya ajiye a gaban liman. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Da ta huce ta ce, "Da ka gaya mini na baƙo ne da na ƙara kyautata zaren." Ta ɗauko mazarinta.

Na biyu ya fi na farko kyau, don a lokacin hannun Inna ya koma yadda yake tun tana budurwa. Da ta gama murza zaren ƙarshe ta ce da ni, "Wannan ko sarki ya mutu kada ya bayar." Ita ce ta riga shi rasuwa.

Ranar nan aka yi rigimar da ba wasa a cikinta. Alhajin Funtua ya iso da bandir na farin yadi, mafi tsada a kantinsa, don yayarsa da ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Ya tarar Kaka ya riga ya fito da nasa.

"Yaya, wannan naka ne. Ka bar ni in yi wa 'yar'uwata sutura."

"Yatsunta ne a jikin kowane zare. Ba za ta tafi a cikin abin da ba ta san hannun da ya yi shi ba."

"Yau ma sai ka kawo maganar Caina? Yau?"

Kaka bai janye ba. Alhaji ya ɗauki yadinsa ya mayar mota. Ya bi gawa, ya yi zaman makoki, amma daga nan Juma'a ta daina kawo shi. A ganina Kaka ya yi kuskure a ranar, kuma na gaya masa. Likkafanin mace yana da yawa, da ya bar ƙaninta ya sa ko ƙyalle ɗaya da ba abin da ya ragu. Ya ce, "Na sani, Amarya. Raina ne ya ƙuntata." Ya ɗauki watanni kafin ya hau motar haya zuwa Funtua, ya zauna a bencin kantin ba tare da sallamar kirki ba, ya ɗaga wata atamfa ya ce, "Wannan wanki nawa take yi kafin ta koɗe?" Alhaji ya ce, "Ta fi kaɗarka daɗewa." Aka aika a sayo musu shayi.

Na uku shi ne nawa. Babu Inna, tsofaffin da suka iya kaɗi a unguwa sun ƙare ko idonsu ya tafi. Kaka ya miƙo mini mazarinta ya ce, "Ki yi mini alkawari." Na yi, ban san abin da na ɗauka ba. Ina da shago, ina da yara, ga masu ɗinkin biki da ba sa jin uzuri. Zarena na farko ya fito wani wuri kamar igiya, wani wuri kamar gashi. Masaƙin ya juya shi a hannu ya ce a gaya mini Allah ya ba da lada. Kaka kuwa duk zuwana sai ya ce, "Ki yi a hankali, ba sauri nake ba." Wani lokaci kuma, "Amarya, ki ɗan ɗaga hannu, gwiwar nan ta fara yi mini maganar tafiya."

Bara masaƙin ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka tafi da shi birni. Abin da ya saƙa mana kafin nan, da na haɗa, bai wuce tsawon riga ba. Likkafanin namiji kuwa akwai rigar ciki da ke taɓa jiki, akwai manyan da ake naɗewa a kai har su rufe mutum daga kai zuwa ƙafa. Na yi ta cigiyar wani masaƙi har wajen Zariya, ana ce mini gobe, jibi. Ban gaya wa Kaka cewa aikin ya tsaya ba, amma ya sani. Ya daina tambaya, sai dai ya ci gaba da shuka kunyoyinsa na gefen rafi.

Da aka kira ni da safen ranar da ya rasu, abin da na fara ɗauka kafin mayafi shi ne ƙunshin. A cikin Keke ina kuka biyu, na rashinsa da na alkawarin da ban cika ba. Ina zaune a ɗakin Inna da ƙunshin a cinya, kawuna ya leƙo ya ce an gama wanka, ana jira. Na kasa tashi. Sai na ji sallamar Alhajin Funtua a bakin ƙofa. Ya shigo da wani abu a hammata, naɗe cikin tsohuwar leda, ya zauna a bakin gado da ƙyar.

"Nawa kika samu?"

Na buɗe na nuna masa. Ya shafa zaren nan nawa mai ƙulli-ƙulli, bai yi dariya ba.

"Riga za ta fita," ya ce. Ya kwance ledarsa. Farin yadi ne, gefen ninkin ya ɗan yi ja saboda daɗewa. Na gane shi. Wanda ya kawo wa Inna ne aka mayar masa. Ashe bai taɓa mayar da shi kanti ba.

"Alhaji, na yi masa alkawari. Ya ce ba za su sayar masa da rigar ƙarshe ba."

"To wa ya ce sayarwa za a yi? Rigar tasa ce, ke kika kaɗa. Nasa a ciki, nawa a waje, yadda muka saba zama." Ya dubi yadin. "Shekara nawa yana gaya mini kaɗarsa tana fita ta dawo. Wa ya sani ko akwai ta gonarsa a cikin wannan. In haka ne, yau dai ta dawo masa kyauta."

Na miƙa masa ƙunshin, ya haɗa da nasa ya fita da su zaure. Kawuna ya gaya mini daga baya cewa Alhaji da kansa ya zura wa Kaka rigar, ya gyara mata wuya, kafin a naɗe sauran.

Don haka ga masu tambaya, amsar ita ce an sa shi a nasa, an kuma rufa masa da na ƙanin matarsa. Na daɗe ina juya abin a raina, ko na ci amana. Yanzu hankalina ya kwanta. Abin da ya taɓa fatarsa a gonarsa ya tsiro, kuma mutumin da ya taɓa hana wa yin sutura ya samu ya yi.

Ranar addu'ar bakwai, ina tsakar gida ina zuba wa baƙi abinci, na jiyo hayaniya daga ƙofar gida. Wani matashi ɗan kasuwa ne, cikin masu gaisuwa, ya ce ai Allah ya jiƙan Baba amma zamani ya wuce maganarsa, yanzu duniya kasuwa ɗaya ce, kowa na cin moriya. Sai na ji muryar da ta yi mako ba ta tashi ba.

"Kowa? Kai yaro, wa ke faɗin farashi ranar fita? Wa ke faɗi ranar dawowa? Je ka Kaduna ka dubo masaƙunmu, sannan ka zo mu yi magana."

Na leƙa ta zaure. Alhajin Funtua ne, mai kantin kayan Caina, ya ajiye carbi, ya matsa ya zauna daidai inda Kaka ke zama, yana nuna yaron da ludayin fura. Mutane suna ta kallon juna. Kawuna ya ce, "Alhaji, ai wannan ba maganarka ba ce." Ya ce, "Na sani. Amma ba za a bar ta ba mai faɗi."

Allah ya sanyaya maka makwanci, Tsoho, ya haɗa ka da Inna a inda babu mai riƙe wa wani sikeli. Audugar gefen rafi ta fashe bayan tafiyarka, na je na tsince ta. Alhaji ya ce in ci gaba da murza mazari, wai yana son riga irin taka.